Tuwon Laraba: kusan wata uku ina cin abincin wata-wata a Damagaram

Tun 1926 da Faransawa suka kwashe babban birni daga Damagaram suka kai Yamai muke ta aika wa garin nan abin da muke so, to bana har da uwar gidana. Ɗiyarmu ta uku ce ta haifi tagwaye a can, aka ce sai uwa ta je ta yi mata wankan jego. Kwana arba'in aka ce. Na raka ta tasha da asuba a farkon Nuwamba, za ta yi tafiyar kusan kilomita 900, tana ta jaddada mini inda ta ajiye maganin tansiyo, wato hawan jini, da makullin ɗakin hatsi, amma ko kalma ɗaya ba ta yi ba a kan abin da zan ci, don a lissafinta matar ƙanena za ta riƙa aiko mini. Kwana arba'in suka zama wata uku. Abin da zan ba ku a nan labarin gidan abincin da ya riƙe ni ne a wannan tsakani, saboda duk mai tunanin shiga tsarin da suke kira abonema, wato ka biya kuɗin wata a dunƙule, a riƙa kawo maka abincin rana har ƙofar gida.

Matar ƙanena, Allah ya saka mata da alheri, ta yi sati biyu tana aiko yaro da langa daga Garin Malam har Birni. Amma mace mai baki tara a gida, ga tsadar cefane, sai abin ya fara yi mini nauyi. Na gwada dafa shinkafa da kaina sau ɗaya, kajin maƙwabta ne suka ci riba. Wata ranar jikana da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya shigo ya tarar da ni ina jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tsoho, ashe amaryar taka guduwa ta yi." Ya zaro salula ya yi ƴan latse-latse a WhatsApp. Washegari bayan azahar sai ga yaro a kan moto, wato babur, yana sallama da kula a hannu.

Gidan yana cikin wani lungu na Sabon Gari, ba nisa da kwalta. Ba zan kama suna ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mai wurin ba ta ce in tallata ta ba. In ka je da ƙafarka, faranti ɗaya dala 150 ne. Ƴan'uwa na ƙetaren iyaka da ba su saba da ƙidayarmu ba, dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma sefa 1000, farantin sefa 750 ke nan. Na wata kuwa jika 17, kwana shida a sati, ban da Lahadi. Shekara 37 na yi da alli a hannu, ba na iya ganin lamba in wuce: kwana 26 a kan 750 ya tashi 19,500, ka ga an rage maka 2,500, kuma kuɗin kawowa yana ciki muddin gidanka na Birni, Zango ko Sabon Gari. Na nesa su ƙara jika 3. Jikan nawa ne ya biya watan farko, shi ya sa har yau nake masa tsiya cewa wannan ne karo na farko da jika ya kawo mini jika, da can kwashewa kawai ya sani.

Dole in faɗi wani abu kafin a ce na ɓoye. Ranar da na je biyan wata na biyu da kaina, mai gidan abincin ta fito daga madafa tana goge hannu da zane, ta tsaya tana kallona, sai ta durƙusa. "Mushe, ba ka gane ni ba?" Haka yara ke kiran malamin makaranta a nan. Na ce, "Ɗiyata, yaran da suka bi ta hannuna sun fi ƙwayar gero a zangarniya, ki taimake ni." Ashe ɗalibata ce a aji shida a Magariya, yanzu ta haura arba'in. Ta rantse ba za ta karɓi kuɗina ba, ni ma na rantse, tawa rantsuwar ta girmi tata. Kuɗina nake biya cif-cif, saboda haka bakina a buɗe yake.

A bangon rumfar akwai baƙin allo irin na lakwal, wato makarantar boko, an rubuta da alli, rana da abincinta. Litinin shinkafa da wake. Talata dambu da zogale. Laraba tuwon gero miyar kuka. Alhamis burabusko. Juma'a dafa-duka da nama. Asabar kuma an rubuta "ranar yara" da alamar tambaya a gaba. Ta ce daga wajena ta koyi wannan, wai jadawalin darussa da nake liƙawa bayan ƙofar aji. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Abin da na fara ji a raina da na ga allon shi ne: wannan ai ya yi yawa. Abinci iri shida a sati ɗaya, kamar gidan biki? Tun da na yi ritaya a 2020 cimata ba ta wuce uku ba: kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare. Gobe ma haka, jibi ma haka. In aka sauya mini miya ba a gaya mini ba sai in wuni ina ƙunƙuni. Kofina ɗaya, tabarmata ɗaya, hanyar da nake bi zuwa masallaci ɗaya, har na san dutsen da nake kewayewa da hagu. Bayan la'asar mu huɗu ne a gindin bedi, hirar jiya ita ce ta yau, rediyo a tsakiya. Ana cewa sabo turken wawa, to ni na kafa turken da hannuna na ɗaura kaina, kuma ina jin daɗin igiyar.

Abin dariyar shi ne wannan mutumin da iri shida suka tsorata, shi ne wanda a da ba ya iya cin abu ɗaya kwana biyu a jere ba tare da ya ji kamar an kulle shi ba. A 1983 aka fara tura ni wani ƙauye a Damargu, arewa da Tanut, ina ɗan shekara 23. Can na koyi cin cuku da shayi mai ɗaci wurin Buzaye, na sha nonon raƙumi ya wanke mini ciki kwana biyu, na koma na sake sha. Shekarar da ta biyo baya fari ya zo, wanda mutane suka laƙaba wa El-Buhari, muka ci jar dawar taimako har ta fita ranmu, kuma ko a wannan hali sai na nemi hanyar sarrafa ta iri uku. Daga nan Gure, inda matan Manga suka nuna mini abin da ake nufi da burabusko. Daga nan Maine, ƙasar jan tattasai da bandar kifi. Kowane hutu sai na hau mota, ko ba ni da wurin zuwa. Kilishi a wannan tasha, tsire a waccan, gurasa a Kano in kuɗi sun kai. In aka ce za a sauya mini wurin aiki, abokan aiki suna jaje, ni ina ɗaure katifa ina waƙa.

Aure da ƴaƴa ne suka fara rage gudun, sai shekarun casa'in suka taka birki gaba ɗaya. Albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsalle. Mai ƴaƴa biyar a irin wannan lokaci ba ya tambayar me za a ci yau, tambayarsa ita ce akwai ko babu. Wancan maimaicin na dole ne. Na yanzu kuwa ni na zaɓe shi, ko dai haka nake gaya wa kaina.

Sai dai akwai abin da ban lura ba sai da uwar gida ta tafi. Kwanakina sun daɗe da rasa sunayensu. Lokacin ina aiki, Litinin tana da fuskarta, ranar duba farce da littattafai. Alhamis tana da tata. Bayan ritaya sai duk suka zama ɗaya, Juma'a kaɗai ta tsira saboda babbar riga. Akwai ranar da na shirya tsaf na tafi Kasuwar Dole ina mamakin yadda mutanen ƙauye ba su shigo da kaya ba, sai wani mai goro ya ce, "Baba, ai yau Laraba, kasuwa sai gobe." Na yi dariya a gabansa, a hanya kuwa jikina ya yi sanyi. Da ina koya wa yara kashi-kashi nakan ce musu shekara ɗaya ga ɗan shekara 10 kashi ɗaya ce cikin goma na duk rayuwarsa, shi ya sa hutun damina ke yi masa tsawo kamar ba zai ƙare ba. Ga ni yanzu, shekara kashi ɗaya ce cikin 65. Ƙara da cewa ƙwaƙwalwa sabon abu take kamawa ta ajiye. Kwanaki masu kama ɗaya sai ta naɗe su wuri guda kamar tabarmi, ka ɗaga ka ga ɗaya alhali ashirin ne. Shekara biyu na Maine ina iya ba da labarinsu dare uku. Shekara biyar na ritaya in ka tambaye ni, kafin shayi ya tafasa na gama.

To, allon nan na ɗalibata ya dawo mini da sunayen kwanaki ta hanyar da ban zata ba. Cikin sati na uku sai na kama kaina ina farkawa da asuba ina cewa yau Talata, dambu ne. Ƙaramin abu ne, na sani. Amma mutumin da ya je kasuwa ranar Laraba ba zai raina shi ba.

Yanzu ga abincin kansa, kuma da Laraba zan fara don ita ce dalilin wannan rubutu.

Tuwon gero ne na gaskiya, ba na masara da aka ɓadda masa kama ba. Ana surfa geron a turmi a wanke kafin a kai inji, shi ya sa babu dusa babu ɗaci. A kan itace ake tuƙa shi, sauran girkin ne ake yi da gas, kuma ana jin wannan a ƙamshi. Malmala biyu ake sawa, masu taushin da haƙoran da suka rage mini ba sa shan wuya, amma ba ruwa-ruwan da zai bi yatsu ba. Miyar kuka kuwa kore ce shar, ba baƙar nan da ta kwana a buhu shekara ba, an kaɗa ta da maburgi har ba gudaji ko ɗaya. Da daddawar batso take yi, ta ƴaƴan yakuwa, ba ta kalwa ba, kuma tana sa ta da hannu sake. Wanda bai saba ba zai ce warin ya yi ƙarfi, ni kuwa tun yaron yana zaure nake sanin ya iso. Nama yanka biyu, ya dahu lugub. Man shanu a ɗan ƙulli daban, ka zuba da kanka. Wannan dabara ta man shanu daban na yaba mata ƙwarai, domin mai tansiyo ya ɗiga kaɗan, mai ƙuruciya ya juye duka.

Laraba goma sha ɗaya na ci, kuma babu biyu da suka zo iri ɗaya. Na Nuwamba da sabon gero aka yi su, tuwon yana da wani zaƙi-zaƙi da danƙo wanda ya fara ja baya wajen tsakiyar Disamba. A Laraba ta biyar na ji miyar ta sauya, ba muni ba, amma kamar wani ya karanta maka wasiƙar ɗanka da muryar da ba tasa ba. Na tambayi yaron, ya ce uwar ɗakinsa ta tafi gaisuwar mutuwa Matamaye, ƙanwarta ce ta kaɗa. Da sanyi ya kankama a Janairu sai ta ƙara citta da masoro kaɗan. Ina saurayi da an ba ni waɗannan kwanuka goma sha ɗaya, da na ce tuwo ne, ba a sauya masa suna. Likitan da ke duba ni ya ce harshe da hanci dusashewa suke yi da shekaru, shi ya sa tsofaffi ke ta ƙara gishiri suna cewa miya lami ce. Na yarda da shi. Ba harshena ne ya ƙara kaifi ba, zama na samu. Da ina ci ne ido na kan hanya, yanzu ido na cikin kwano.

Burabuskon Alhamis shi ne na biyu. Tana amfana da ranar kasuwa, miyar takan zo da ɗanyen kaya, wani sati kuɓewa ɗanya, wani sati yakuwa da gyaɗa, da lokacin lambu ya kama kuma har da kabewa da karas. Tsakin ya turaru, yana warwarewa a hannu. Bai kai na matan Gure ba, amma ina zargin abin da ya fi daɗi a na Gure shekaruna 27 ne. Dambun Talata lafiya lau, zogalen an wanke shi ba ƙasa, man dai yakan yi yawa. Shinkafa da waken Litinin irin na ko'ina ne, yajin ne kawai ya fita daban. Dafa-dukan Juma'a ba ni da abin cewa a kan ɗanɗanonsa, matsalarsa lokaci ce, zan zo kanta.

Asabar ce fagen rigimata da jikana. Ranar ba ta da tsayayyen abinci, abin da ya zo wa mai gidan a rai shi take yi, kuma ɗalibai da ƴan fada, wato samarin majalisar unguwa, ne ke cika rumfar. Asabar ta farko aka kawo mini taliya da soyayyen dankali da ƙwai, an malala mayonez a kai kamar an yi wa ɗaki farar ƙasa. Na ci loma uku na rufe. Ta biyu wani abu ne naɗaɗɗe cikin burodi mai laushi, wai shawarma, nama da kabeji da wani farin miya mai tsami. Na kira yaron maƙwabta na ba shi. Na aika a gaya mata ranar Asabar ta riƙa ɗumama mini ko tuwon jiya ne.

Jikan nawa da ya ji sai ya zo takanas. Shi a wurinsa Asabar ce kaɗai ranar kirki a allon, sauran biyar ɗin wai abincin gida ne da ya gudo daga gare shi. Ya ce shi da abokansa ba sa yin abonema ko da suna da kuɗin, don ba za su iya sanin abin da za su ci ranar Talata mai zuwa tun yau ba, abin yana kashe musu ciki. Na ce ni kuwa sanin ne ke buɗe mini nawa. Ya ce, "Kaka, kai da kake ba mu labarin nonon raƙumi da bandar Maine, yau burodi da nama ne ya gagare ka?" Maganar ta shige ni fiye da yadda ya yi nufi. Na ce, "Kai tafi can, ɗan nema, lokacin da nake yawo ubanka ma ba a haife shi ba." Amma Asabar da ta biyo baya na sa hula na ce ya zo ya ɗauke ni a moto mu je can mu ci.

An yi wani abu da ta ce wurin wata ƴar Kwatano ta koya, garin rogo turarre da soyayyen kifi da yankakken tumatir da albasa. Ban ce ya fi tuwo ba, kuma da dare sai da na sha kanwa. Amma ga shi yau wata biyu da wucewa ina iya gaya muku rigar da ke jikina a ranar, da kujerar da na zauna, da yaron da ya zubar da lemo a kan littafinsa, alhali ban iya tuna abin da na yi ranar Lahadin da ta gabata ba. Tun daga nan na janye saƙon ɗumame. Wasu Asabar ɗin na ci, wasu yaron maƙwabta ya ci.

Sai ƙorafi, kuma na riga na faɗa mata duka baki da baki, ba gulma nake ba.

Babba shi ne gishiri da dunƙulen maji. Tukunya ɗaya ake yi wa kowa, kuma da bakin matasa ake auna ta. Ban da miyar kuka da daddawa ke ɗauke mata nauyi, sauran duk gishirinsu ya fi ƙarfin mai tansiyo. Cikin wata na farko awona ya hau, likita ya tambaye ni ko na daina shan magani. Da na yi mata magana ta fara ɗebar mini nawa kafin ta sa na ƙarshe, amma sai ranar da ta tuna, ko ranar da ita ce a bakin murhu. A lissafina dattawan da ke cikin abonemarta sun kai a yi musu ƴar tukunya daban, ko da za a ƙara musu dala goma a faranti. Wanda likita ya hana gishiri ko mai ciwon sukari, ya yi wannan magana tun ranar biya, kada ya bari sai an fara.

Na biyu Juma'a. Sauran kwanaki abinci na isowa tsakanin ɗaya da rabi da biyu, ba fashi. Ranar Juma'a yaro ɗaya ne, sai ya sauko daga masallaci sannan ya fara rabo, kuma Birni ce ƙarshen zagayensa. Sau huɗu ina karɓar kula bayan uku da rabi. Matashi zai ce ai ba komai. Tsoho mai maganin da ba a sha da wofin ciki ya san komai ne. Na koyi ajiye dabino da ɗan burodi saboda ranar. Sau ɗaya kuma aka musanya mini kula da ta wani bawan Allah mai son barkono kamar yana da gaba da hanjinsa. Ban ga laifin yaron sosai ba, kuloli goma sha biyu iri ɗaya a bayan moto ba suna ba lamba. Yanzu na ɗaura wa tawa jan ƙyalle a hannu.

Akwai ranar da ba a kawo komai ba sam. Wanda ya san Damagaram ya san ruwa ne ciwonmu tun kakanni, gari ne a kan dutse, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga su Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Famfon unguwarsu ya yi kwana uku ba ɗigo, ƴan garuwa kuma suka yi wuyar gani. Wannan ba laifinta ba ne, kuma ta ƙara mini kwana ɗaya a ƙarshen wata ba tare da na tambaya ba. Laifinta shi ne ba ta aiko an faɗa ba, na zauna a zaure har la'asar ina sauraren ƙarar moto. Wannan fa a cikin sanyi ke nan. Mai niyyar shiga a watan Afrilu ko Mayu ya tambaye ta shirin da ta yi wa bazara.

Zama a wurin kuma ba na irina ba ne. Kujerun roba masu santsi, tebur ya yi tsawo, talabijin na ta ihun ƙwallo, kowane yaro da salularsa tana nata kiɗan. Tsabta kam babu laifi: buta da sabulu a ƙofa, kwanuka a kife a kan gado, ƙuda kaɗan. Akwai inuwar bedi a bayan rumfar da ba a amfani da ita sai ajiye itace. Na ce mata ta share wurin ta shimfiɗa tabarma biyu, za ta ga dattawan da ba ta san suna unguwar ba. Ta ce, "To Mushe, in sha Allahu." Irin wannan "to" ɗin na san shi tun tana aji shida, lokacin da nake ce mata ta gyara rubutunta.

Wa zan ce ya shiga? Gwauro, ma'aikacin da aka turo garin ba iyali, dattijon da gida ya yi wa shiru na ɗan lokaci ko na dindindin, duk jika 17 ɗinsu ba za ta tafi banza ba, in dai sun yi maganar gishiri. Abincin yana da yawa, ni yakan kai ni har dare in na haɗa da kunu. Ɗalibi kuwa ya riƙe kuɗinsa ya riƙa zuwa ranar da ransa ya so. Wata guda na allon nan zai ishe shi kamar wa'azin bayan asuba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Uwar gida ta dawo a farkon Fabrairu, ranar Talata da dare, da tsarabar Yamai da hotunan tagwaye cike da salula. Da safe ta shiga madafa ta tarar na kwafe jadawalin nan da alli a bango, Litinin zuwa Asabar, da kyakkyawan rubutuna na allo. Ta tsaya ta karanta har ƙasa. Ta ce, "Malam, nan ba lakwal ba ne." Ta jiƙa tsumma ta goge tas. Da azahar yaron ya yi sallama, don akwai sauran kwanaki a kuɗina. Ita ta karɓi kular, ta buɗe, ta shinshina, ta gutsuri tuwon ta dangwala. Ta ce daddawar ta yi yawa, kuma wace ce wannan da ba ta san a bar kuka ta ƙara minti biyu a wuta ba. Tana faɗa tana ci. Malmala ɗaya da rabi ta tashi da ita, ni na samu rabi.

Ban sabunta na wata ba, ba ni da wannan ƙarfin hali. Mun koma kunu da fura da tuwo, sai dai ran Alhamis ɗin nan da ta wuce na ga burabusko a gabana ba tare da na roƙa ba, ban kuwa ce uffan ba. Da ɗalibar tawa mun yi sabuwar yarjejeniya: Laraba kaɗai, faranti biyu, dala 300, gishiri kaɗan. Jikana kuma yana zuwa ɗaukata Asabar ɗin farko ta kowane wata, shi ke tuƙi ni ke biya. Ya ce wannan karon wai wani abu za a yi da cuku narkakke a kan burodi. Na ce ya taho mini da kanwa.